Ranar da na sabunta agogon surukina

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da na mayar wa surukina agogonsa ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ban daɗe da aure ba, ina ɗinki a unguwar Wadata. Surukina mutumin Maradi ne, tsohon mai sayar da itacen gini a kasuwar Katako, ba shi da yawan magana. Na san ba ni ya so wa 'yarsa ba, haƙuri kawai ya yi, don haka kullum neman hanyar burge shi nake. Yana da wani agogon zinariya ƙirar Suwis da ya saya zamanin da kasuwa ke yi da shi, ko karayar arzikin da ta biyo baya ba ta sa ya sayar ba. Rannan agogon ya tsaya. Matata ta kawo mini, ta ce, "Baba ya ce ka kai masa gyara."

Mai gyaran ya buɗe, ya ce datti ne kawai. Sai ya nuna mini gefen agogon, duk ƙarzuwa da 'yan ƙananan ramuka. Ya ce, "Maigida, inji kaɗai za a wanke, ko in goge shi ya koma sabo? In na goge hwa ba ya dawowa. Ka tambayi mai shi."

Tambaya! Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi. In buga masa waya in ce me? Ga kuma kwaɗayin yabo na cina. Na ce a goge tas, a sa sabon gilashi.

Ranar Juma'a na ƙetare gada zuwa gidan surukina a unguwar Harobanda da agogo cikin kwali, ina tafe ina jin kaina. Ya karɓa ya buɗe, agogo na ta walƙiya. Ya sa babban yatsa yana shafa gefen, ya juya, ya sake shafawa. Ya daɗe a haka. Can ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Ya tashi ya shige ɗaki. Ni wawa na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana.

Mahaifiyarsa, kakar matata, na zaune gefe tana kallo. Da ita kaɗai nake sakewa a gidan, don kullum tsokanata take wai ni ne mijinta. Ranar ba ta yi wasa ba. Ta yafito ni.

"Kai, mi ka yi haka? Ina haƙoran?"

"Waɗanne haƙora, Kaka?"

Ta rage murya. Ta ce kafin matata an haifi namiji, ɗan fari. Kunya ba ta bar surukina ya ɗauke shi gaban mutane ba, ko sunansa bai taɓa kamawa ba. Amma in ya dawo daga kasuwa yaron ya rarrafo wurinsa, sai ya kwance agogon ya ajiye kan tabarma, ya kau da kai. Yaron ya yi ta gwaguya, ya yi ta buga shi da ƙasa. Ƙyanda ta ɗauke shi bai kai yaye ba, ko hoto ba a yi masa ba.

"Abin da ya rage mashi ke nan," in ji ta. "Kai ko ka biya kuɗi an share."

Na miƙe zan je in ba shi haƙuri, ta riƙe mini riga. "Kul! Shi ce maka mi? Kana so ka sa shi zancen da bai taɓa yi ma kowa ba?"

Haka na fito kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Na yi ta zuwa gaisuwa bayan nan, yana amsawa da fara'a, har ya rasu bai taɓa nuna mini a fuska ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na kiyaye: abin da ba nawa ba, komai tsufansa da muninsa, ba na gyara shi sai na tambaya. Tabon da ya tsone maka ido, wataƙila shi kaɗai ya rage wa mai shi.