Rayuwar Huda-Bango da Ɗakin da Ya Makara

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin da aka fi sani da Huda-Bango a shekarar 1964, a wani gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa tela. Bayan kammala firamare a 1976 ya shiga makarantar koyon sana'a, inda ya karanci zanen gini da aikin lantarki.

Aiki

Daga 1998 ya duƙufa kan tsara ɗakunan da ba sa riƙe zafi. Yakan shiga ɗaki da tsakar rana, ya bi bango yana dafawa da bayan hannu kamar uwa mai duba zazzaɓi, sannan ya huda kafar iska biyu, ɗaya ƙasa ta gefen inuwa, ɗaya sama kusa da silin, inda yake ɗaura ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana, wadda ke ƙara gudu duk sa'ad da rana ta ƙara ƙuna. Magina kan yi masa tsiya cewa su gina, shi ya ɓarke.

Aure da Iyali

Tun a 1990 ya auri wata malamar makaranta, wadda daga baya ta kamu da ciwon fuka, ciwon da zafi ke tayarwa. A gidan haya suke zaune, kuma sau uku yana neman izinin huda ɗakinta, mai gidan yana cewa, "Bangona ba rariya ba ne." Ya shafa farin fenti, ya sauya labule, ya kawo fankar tsaye, amma iskar zafin kawai take jujjuyawa. Ita kuwa takan zolaye shi, numfashi na sarƙe mata: "Baban yara, ka sanyaya gari kaf, saura ni."

A 2011 ya soma ginin gidansa, ya fara da ɗakinta. Allah Ya yi mata rasuwa cikin Afrilun 2013, saura kwana tara su ƙaura.

Ƙarshen Rayuwa

Wannan rashi ya karya shi. Ya ci gaba da aiki, amma ɗakin nan bai taɓa kwana cikinsa ba, goge ƙurar faifan solar da ke juya fankar ɗakin kawai yake yi kowace safiya. Ya rasu ranar 6 ga Maris, 2021, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa da la'asar, aka binne shi kusa da ita.

Ya bar 'ya'ya huɗu: babban ɗansa, mai aikin lantarki; mai bi masa, ma'aikaciyar jinya; na uku, direba; sai auta, wadda ta gaji fukar mahaifiyarta, kuma tun da aka saka ta a wannan ɗakin, ciwon bai sake kai ta asibiti ba.