Bangon da Mai Fenti Ya Sani

Shekara talatin da ɗaya yana shafa wa gidajen mutane fenti, bai taɓa mallakar bangon da zai ce nasa ne ba. A unguwa ba mai kiran sunansa na yanka, Mai Fenti kawai ake cewa, har jikokinsa. Ka gan shi ka ga sana'arsa: farcensa ba ya rabuwa da fari, kafaɗar dama ta ɗan sauka saboda ɗaukar tsani, ga warin kananzir da ko wanka uku ya yi yana nan.

Yawancin aikinsa na gidajen haya ne. Ɗan haya ya kwashe kayansa da safe, da rana dillali ya kira Mai Fenti, kafin jibi gida ya koma kamar ba a taɓa dafa abinci a cikinsa ba. Ya iya cike tsaga, ya iya ɓatar da baƙin hayaƙi, amma abin da ya yi suna a kansa shi ne danshi. Bangon da ke tsatsafar ruwa, sai ya kankare fumfunar, ya bar shi ya sha iska wuni guda, ya bi shi da fentin mai mai duhu daga ƙasa zuwa ƙugu, ya ja siririn layi a sama. Mai neman gida ya shigo ya ce kai, an zuba ado. Wata huɗu, biyar in an yi sa'a, kafin bangon ya fara kumbura.

Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin cuta ba. An ce shafa, ya shafa. Da buroshin nan ya aurar da 'ya'ya mata biyu, ya kai namijin makaranta har ya gama.

To, bana sai aka sayar da gidan da suka yi shekara goma sha tara a ciki, sabon mai shi zai rushe ya gina shaguna. Aka ba su wata uku. Ga matarsa, Maman yara, asma ta sa ta gaba. Kwanciyarta ta ƙarshe a asibiti sai da ta yi mako biyu, kuma ranar sallama likita ya faɗi abu biyu: kada ta riƙa hawa bene, kada ta kwana a ɗaki mai danshi. Na biyun ya maimaita shi yana kallon Mai Fenti.

Neman gida da mutum irin wannan, wallahi azaba ne. Ita tana duba famfo da kicin da inda za ta shanya kaya, shi kuwa yana tsugune a kusurwa, ya ɗora bayan hannu a bango, ya ƙwanƙwasa, ya kai hanci. Ya miƙe gwiwa na ƙara, ya ce, "Bai yi ba." Gida shida suka yi haka.

"Malam," in ji ta a hanyar dawowa daga na shidan, "in ka gama shinshina gidajen garin nan kaf, sai ka nuna mini bishiyar da za mu koma ƙarƙashinta."

Wa'adin tashi ya matso. Saura kwana goma sha ɗaya. Kaya duk suna cikin kwalaye, ko ludayi take so sai ta kwance igiya.

Gida na bakwai, dillalin da ya fi ba shi aiki ne ya kai su, mutumin da kowace mace Hajiya ce a bakinsa muddin tana neman gida. Tun da suka karya kwana suka shiga layin, Mai Fenti ya rage sauri. Ya san ƙofar nan. Sau huɗu ya yi wa gidan fenti cikin shekara tara, na ƙarshe ko wata guda ba a yi ba.

"Wannan ne?" ya tambaya a hankali.

"Shi ne," in ji dillali yana murɗa makulli. "Ƙasa ne, ba bene, kuma daidai ƙarfinka. Bismillah, Hajiya, shigo ki ga gida."

Ta shiga ta ga gida. Falo da ɗaki biyu, banɗaki a ciki. Ta murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi har ya fantsamar mata a zane, ta yi dariya. Ta kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya, ta ja ruwan banɗaki ta tsaya sai da ta ji ya sake cika, ta rufe ƙofar ɗaki ta buɗe don ta ga ko tana cijewa. A kicin ta tarar da taga babba mai kallon wata bishiya. Shekara goma sha tara tana girki a ɗan lungu marar taga. Ta buɗe tagar, ta tsaya iska na kaɗa mata mayafi.

Mai Fenti yana tsakiyar falo, hannu biyu a aljihu.

"Yau ba a gaisa da bangon?" ta tsokane shi. "Ko hancin ne ya gaji?" Ta bi siririn layin da yatsa. "Dubi yadda aka ja wannan, tsaf. Wanda ya yi shi ya san aikinsa. Ka zo ka koya."

Shekara talatin tana wanke masa kayan aiki, ba ta taɓa ganin aikin a jikin bango ba. Gidansu kuwa rabonsa da fenti tun auren babbar 'yarsu.

Da ta shige ɗakin ƙurya, sai ya ja dillali gefe.

"Haba, ka san bangon ɗakin can. Bututun ruwa ne ya fashe a cikinsa, na gaya wa mai gidan tun zuwana na farko. An gyara?"

"Wa zai fasa gini saboda bututu?" Dillali ya dafa kafaɗarsa. "Kai ma da abin dariya kake. Wasu ne za su ji tsoron bangon nan, ba kai ba. Buroshi na hannunka. Da danshin ya leƙo ka danne shi, ya sake leƙowa ka sake dannewa. Ni ba ni da wani na ƙasa, gaskiya na gaya maka."

Abin kunya, maganar ta shige shi. Ya tsaya yana tsarawa a ransa: shafi biyu kafin su tare, wani kafin damina, wani bayanta. Ba za ta taɓa ganin baƙi ko ɗigo ba. Ya gaji, ƙafafunsa sun gaji, kuma rabon da ya ji dariyarta tun kafin asibiti.

"Malam, zo ka gani!"

Ya same ta tana auna ɗakin da taku. "Gado a nan," ta ce, ta manna tafin hannu a bangon. "Kaina ta nan, don in riƙa ganin taga in na farka."

Ya dubi inda hannunta yake. Fenti ido yake rufewa, shi ya fi kowa sani, ba ya hana ƙirji shaƙar abin da ke ƙarƙashi. Ya karɓi makullin daga hannun dillali, ya tsuguna, ya karci bangon daidai inda matashinta zai kasance. Fentin ya salluɓo kamar ɓawon dafaffen dankali. Ƙarƙashinsa baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, wari ya taso.

Ta toshe hanci da mayafi, amma tari ya riga ya kama ta. Ya fitar da ita waje, ta zauna a dakalin ƙofa, ta lalubo abin shaƙarta a jaka. Sai da numfashin ya daidaita ta ɗago.

"Ya aka yi ka san daidai wurin?"

"Ni na rufe shi."

"Yaushe?"

"Sau huɗu."

Ta kalli hannunsa. "Waɗanda suka zauna a ciki fa, ka gaya musu?"

"Ba aikina ba ne."

"Akwai masu yara?"

Akwai. A zuwansa na uku wata mai goyo ta zo duba gidan yana naɗe shimfiɗar leda, ta yaba aikin, har ta ce Allah ya yi wa hannun nan albarka. Ya amsa da amin. Bai faɗa wa Maman yara wannan ba, kai kawai ya gyaɗa.

"Allah ya kyauta," ta ce. Ba faɗa, ba kuka, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ta dafa bango ta miƙe, ta kama hanyar titi a hankali.

Dillali ya fito yana kulle ƙofa, ransa a ɓace. "To, ka kyauta. Ka ɓata mini bango, ga wasu sababbin aure za su zo dubawa jibi. Gobe ka zo da sassafe ka rufe abin da ka tona."

Mai Fenti ya buɗe baki, saura kaɗan "to" ɗin da ya saba ya fito.

"Nemi wani," ya ce.

"Masu fenti ai sun fi gidajen yawa," in ji dillali, ya zaro waya, tun bai bar ƙofar ba ya fara kiran wani.

Mai Fenti ya cim ma matarsa a bakin titi. Ta tsaya tana haki, ta riƙe sandar fitila. Ya karɓi jakarta ya rataya a kafaɗa.

"Tagar kicin ɗin ta yi kyau," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Ta yi."

"Gobe ina za mu?"

"Ban sani ba tukuna."

Motar haya ta zo a cike ta wuce. Suka tsaya jiran wata.