Gadon Karan da Aka Maido daga Wurma

Shekarar da na fara koyarwa a Dutsin-Ma, ji nake duk garin ba wanda ya kai ni sani. Ga keke, ga alli, ga ɗan ma'aunin kusurwa mai kamar rabin wata a aljihu. Mako guda na yi ina fama da yara kan layi biyu da suka gitta juna: kusurwa huɗu ke fitowa, kuma masu kallon juna daidai suke. Ko a jikinsu.

Sai ga saƙo daga Kurfi, wai Baba na nemana, in taho da abin awon nan nawa.

Gadon kara ne sana'ar Baba tun kafin a haife ni. Na tarar da shi a zaure da hantsi, ga gado a gabansa. Wata mata ce daga Wurma ta maido, ta ce ya karkace, ya ƙi zama jikin bango. Ba a taɓa maido masa aiki ba. Yanar ido ta fara rufe masa gani, duk gidan mun sani, ba mai iya faɗa.

"Malam," ya ce, don haka yake tsokanata, "auna mani. In ya karkace na aje wuƙa."

Na durƙusa inda dogon kara ya gitta gajere, na ɗora ma'auni. Kusurwar ta matse ƙwarai. Na koma ta biyu, na koma ta uku, ina jan lokaci ko Allah zai sa in samu wadda za ta fid da shi.

"Mi kake ta nema? Ɗaya ta isa. In wagga ta matse, mai kallonta ma ta matse, abin da suka rasa yana wajen na kusa da su."

Darasina ke nan na mako guda, daga bakin mutumin da bai taɓa riƙe alli ba. Kunya ta kama ni, tausayi ya fi ta.

"Ya karkace, Baba."

Ya tura wuƙar gefe. Ni kuwa raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na kwance igiyar gadon, na daidaita karan da ma'auni, na ce ya ɗaure, ni ban iya ba.

Ya laluba ya kamo igiyar.

"Riƙe da kyau, hannun alli gare ka."

Ya ɗaure tam, idonsa na kallon rufin zaure.

Tun daga ranar, duk ƙarshen mako ina kan keke zuwa Kurfi. Ni in saita, shi ya ɗaure. In mai saye ya zo sai ya bubbuga gadon ya ce, "Wannan da boko aka auna shi." Har ya rasu ba a ƙara maido masa gado ba, ni kuma har yau ban iya ɗaurin ba. Da gangan na ƙi koya, don kar ya ce ba a bukatarsa.