Tsoron Hannun Ƙanena

Tun ƙanena yana tsaron dawa a gonarmu ta Bungudu nake tsoron hannunsa. Sauran yara da ihu da kaɗa gwangwani suke korar tsuntsaye, shi kuwa da hoge yake jifa, kuma ba ya kuskure. Wata rana akuyar maƙwabcinmu ta shiga wake, ya jefe ta a kai. Ko kuka ba ta yi ba, da ƙyar aka samu aka yanka ta. Baba ya tasa shi gaba har gidan mai akuyar, ya durƙusa ya nemi yafiya. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, da kan mutum ne fa?

Da ya shiga sakandare a Gusau, wani mai bautar ƙasa ya kawo musu wasan da ake kira besbol. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo da ƙarfi, wani ya tsaya da kulki ya buge shi. Na je kallo, na ɗauki ƙwallon na latsa, na ji shi kamar busasshiyar goruba.

Na ce, "Da wannan za ka riƙa jifan ɗan mutane?"

"Yaya, ba shi nake jifa ba, gefensa nake nufa."

"Akuyar ma gefenta ka ce ka nufa."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Daga Gusau aka kai shi kudu, can wasu Turawa suka gan shi suka tafi da shi Amurka. Ya daɗe yana yawo a ƙananan ƙungiyoyi kafin babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Mutane suka yi ta yi min barka a kasuwa. Ni kuwa wurin malaminmu na tafi, na tambaye shi hukuncin wanda ya kashe mutum a wasa ba da gangan ba. Ya ce rai rai ne, akwai kaffara. Ban iya tambayar sauran ba.

Wata ranar kasuwar Tsafe ina auna gero, wani direba da ya san gidanmu ya miƙo min wayarsa. "Malam, wannan ba naku ba ne?"

Shi ne. Ya ɗaga ƙafa ya saki ƙwallo, ya sami mai kulkin a fuska, ƙasa da hular kwano. Mutumin ya zube kamar buhu, bidiyon ya ƙare nan. Mudu ya faɗi daga hannuna. Na bar wa maƙwabci geron na shiga motar Gusau, ina ta kiran ƙanena. Kullum a hanyar nan bakina ba ya rabuwa da addu'a saboda 'yan bindiga, ranar ko tuna su ban yi ba.

Sai da muka iso tasha wayarsa ta shiga.

"Yana da rai?"

"Da ransa, Yaya. Muƙamuƙi ne ya karye."

"Ka je dubiya? Ka nemi yafiya?"

"Nan ba a yin haka. Kowa ya san wasa ne. In na je, 'yan ƙungiyarmu sai su ce tsoro ya kama ni."

"To ya kama ka mana! Gobe ƙiyama 'yan ƙungiyar taku ne za su tsaya maka? Akuya ma Baba sai da ya kai ka."

Ya kashe wayar.

Kwanakin da suka biyo baya abinci ba ya wuce min. Ban gaya wa Inna ba. Ina ta tunanin kada ciwon ya juya mutumin ya cika, ko ƙanena ya riga shi, da alhakin nan a wuyansa.

Sai ga bidiyo ƙanena ya aiko. Asibiti ne, wani ƙato kwance an ɗaure masa baki, ba ya iya magana. Ƙanena ya cire takalmi ya durƙusa gefen gado yadda muke yi a gida, yana magana da Turanci. Mutumin ya daɗe yana kallonsa kamar bai gane ba. Can ya miƙo hannu ya kama hannun nan da ya jefe shi, ya gyaɗa kai.

Na kai wa malam wayar, na ce, "Allah gafarta Malam, bai furta da baki ba. Gyaɗa kai ya isa yafiya?"

Malam ya kalla, ya miƙo min. "Ya isa. Kai dai je ka ci tuwo."

Na je na ci.