Gonar Rago

Shekarar da mahaifina ya rasu na jingine babur na koma gona. Kafin nan aikina ɗaukar kayan 'yan kasuwa ne daga Isa zuwa Burkusuma, wani lokaci har cikin Nijar. Gonar da ya bari a bayan Kamarawa ta gaji, rairayi ne fari fat, geron da take bayarwa ba ya kai mu tsakiyar rani. Ba a raba gado ba tukuna, don haka maganarta tana hannun Baffa, ƙanin mahaifina. Ya ba ni ita in noma, da sharaɗin kada in kunyata gida.

A wurinmu tun daga sassabe ake gane manomi. Kafin ruwa ya sauka za ka sare sabara da kalgo da duk wani toho, ka tara ka cinna wuta. Mahaifina ya yi suna a nan, har ana cewa ko allura ta faɗi a gonarsa za a tsince ta.

Ni kuwa yawon babur ya nuna mini wani abu daban. A ƙetaren iyaka na sha ganin gonaki cike da ƙananan itatuwa, gero kuma ya yi kyau a tsakaninsu. Wata rana tayata ta sace, ina faci ina kallon wani dattijo yana sassabe. Idan ya zo kan kututture sai ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi ya bari, ya sare sauran, ya gyara masa rassa. Babu dashe, babu ban ruwa. Ya ce mini saiwar tana nan da ranta a ƙasa, mu ne muke yanke mata kai duk shekara.

Haka na yi a gonarmu. Ban gama ba Baffa ya iso, hula a karkace.

"Mi nika gani haka? Wagga gona ta ko daji?"

"Baffa, itace na nika bari, don su tare iska."

"Iska! Ubanka bai taɓa barin haki guda ga gonatai ba. Na ba ka bana da baɗi. In ba ta canza ba, ɗana za ni ba ita."

Kafin mako ya zagayo gari ya raɗa mata suna gonar rago. Ni da hannuna ya yi kanta wajen aski da gyaran itacen nan, ni ne rago! Raina ya ɓaci ƙwarai. Kakar farko kuma ba ta taimake ni ba, abin da na ɗaure bai fi na bara ba.

Babbar barazana tana gaba. Da zarar an kwashe amfani sai a saki gonaki, shanu da awaki su bi ko'ina, kuma akuya ba ta san ɗan gawo na gobe ba. Ba ni da ƙayar da zan shinge gona guda. Na yi ta tunani, daga ƙarshe na tafi wurin wani Bafulatani da ke sauka kusa da mu duk rani, wanda muke yawan cacar baki da shi a kan kara. Na ce ya kawo garkensa ya zauna cikin gonata. Karan nasa ne, harawa ma, har da ganyen da zan aske. Shi kuma ya riƙa matsar da makwancin shanu daga wuri zuwa wuri don taki ya game gonar, ya kuma kau da dabbobi daga duk itacen da na ɗaura wa tsumma.

Ya dube ni ya yi dariya. "Kura za ka ba ajiyar nama?"

"Kurar da ta ƙoshi," na ce.

Ban taɓa samun mai gadi irinsa ba. Da yake abincin shanunsa ne a wurin, ko awakin maƙwabta bai bari sun raɓi gonar ba. Da idona na gan shi yana bin wani raƙumi da sanda saboda ɗan gawon da bai kai gwiwata ba.

Damina ta biyu ta zo da iskar da ta saba. Rairayi ya taso ya binne shukar mutane, wasu sai da suka sake shuka har iri ya ƙare musu. Nawa geron ya laɓe a bayan sabara da kalgo, ƙarƙashinsa ga taki. Da kaka matata ta tsaya a bakin rumbu tana kallo, ta ce ashe rago ma yana cika rumbu. Wallahi ranar na ji kaina ya yi girma, kuma ban ɓoye ba.

Baffa bai ce na yi daidai ba, bai kuma sake maganar ɗansa ba. Shekaru suka shuɗe a haka. Gawon ya wuce tsayin ɗaki, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya yi inuwa ya zubo wa shanu 'ya'ya. Masu cewa gonar rago suka fara ratsowa ta cikinta suna tafiya a hankali.

Wata bazara Baffa ya aiko in same shi a gonarsa. Na tafi, na ɗauka tsohuwar maganar ce ta taso. Na iske shi tsaye a kan wani kututturen kalgo, ya tsufa, adda a hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai dube ni ba, sai ya nuna tohon da bakin adda.

"Kai, ɗan nan," ya ce. "Wanne akan bari?"