Bindigar da Taubashina Ya Ɗura Mini

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, ni saurayi ne a wani ƙauye gefen Dudunni, maraya a hannun kawuna, wanda shi ne babban maharbin yankinmu. Na ɗan taɓa makaranta, duk ranar kasuwar Kankiya kuwa sai na dawo da ƙananan littattafan labarin jarumai a aljihu. Da su nake kwana, da su nake tashi, har na yarda cewa mace kallo guda take yi wa namiji ta ba shi zuciyarta, in dai ta gan shi yana aikin bajinta. Tawa tauraruwar wata Bafillatana ce mai kawo nono garinmu, doguwa, mai wushirya. Ban taɓa ce mata uffan ba bayan ciniki, amma a raina har na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Kawu yana da ɗa sa'ana, taubashina ke nan, kuma ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Wasan taubasai ya zame masa mafaka. A gaban mutane yakan kira ni malamin takarda, ya ce hannuna ya fi na amarya laushi, ko zomo ya gan ni da bindiga sai ya zauna ya gyara kunne. In na ɓata rai a ce ai wasa ne, ɗan mace ba ya fushi da ɗan namiji. Ni kuwa na san abin da ke cinsa: ubansa ya fi sakin jiki da ni wajen ɗurin bindiga, don ni ina da haƙuri, shi ba ya da shi.

Akwai wata gajeriyar bindiga mai baki ɗaya da wani maƙeri ya ƙera wa Kawu da ƙarfen sitiyarin mota. Tsawonta bai fi kamu guda ba, amma maƙogwaronta zurfi gare shi, kuma yana da wata 'yar gargada a tsakiya inda dalma kan cije, mai ɗuri ya zaci ta kai ƙasa alhali da saura. Saboda haka Kawu ya yi tsaga a jikin sandar ɗuri. In tsagar ta zo daidai bakin bindiga, dalma ta zauna a kan albarushi. In ta tsaya sama, to akwai rami a tsakani, kuma Kawu yakan ce a ramin nan mutuwa ke shimfiɗa tabarma. Dokarsa guda ce: kada maharbi ya harba abin da wani ya ɗura, ko da ubansa ne, sai ya zura sanda ya gani da idonsa.

Bayan an gama kaka aka yi kalankuwa a garinmu. Da la'asar samarin maharba suka ɗora tsohon tulu a kan kututture, kowa ya zo ya gwada hannunsa. Na hango masu nono sun jera ƙorai a gindin tsamiya, zuciyata ta ce yau ce ranar da nake karantawa. Na roƙi Kawu gajeriyar, ya ba ni. Ina cikin ɗaure ɗamara taubashina ya fizge ta, ya ce bari ya ɗura wa ango, kada tokar albarushi ta ɓata masa farar riga. Ya juya baya ya yi abin da zai yi, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai gaida basarake, samari na ta dariya. Sandar tana hannunsa. Na dube ta, na san abin da ya kamata in yi. Sai ya ɗaga murya ya ce ko malam zai fara dubawa a littafi ne kafin ya harba, don ya ji ana cewa jaruman takarda da sanda suke yaƙi. Makaɗi ma ya ɗauka ya sa a ganga. Na ga in na tsaya aune-aune a gaban 'yan mata na zama matsoraci, jarumin da na sani kuwa ba ya aune. Na miƙe hannu na ja kunamar bindigar.

Ban ji ƙara ba. Haske na gani, sannan na gan ni zaune a ƙasa, bindigar ta tsage kamar kara, babban yatsana da manuni babu su. A kan jaki aka fitar da ni bakin titi, mota ta kai ni asibiti. Ko a can, da zafin ya lafa, tunanina shi ne Bafillatanar nan tana can tana kuka, gobe za ta zo da ƙwaryar nono ta zauna a gefen gadona. Wata gwaggona ce ta kashe mini wannan mafarki. Ta ce yarinyar tun kafin a fara harbi ta sayar da nononta ta kama hanyar ruga, da aka ba ta labari washegari sai ta tambaya wane ne a cikin samarin.

Da na dawo gida aka tara mu a zaure. Taubashina bai musa ba. Ya ce da gangan ya bar dalmar a gargadar, wai a zatonsa bindigar tari kawai za ta yi, a yi mini dariya a watse. Yana faɗa yana wasa da bakin rigarsa. Dattawa suka ce tsautsayi ne ya haɗu da wasan zumunci, ba a kai taubashi ƙara, balle bindigar ba ta da lasin, in magana ta je wurin hukuma Kawu za a ɗaure. Kawu bai tsawata wa ɗansa a gabana ba. Ni ya juyo ya tambaya ina sandar take lokacin da na harba. Na kwashe kayana a makon na koma Kankiya, na ƙare a tsaron shagon wani, don mai yatsa uku ba ya riƙe fartanya yadda ya kamata, balle kunama.

Yau duk mun yi furfura, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce na yafe ba. Mukan haɗu da taubashina a jana'iza ko ɗaurin aure. Yakan so ya gaishe ni daga nesa, ni kuwa sai na ratsa mutane na miƙa masa hannun daman nan, ya riƙe dungun a tafinsa har mu gama gaisawa, ina tambayarsa iyali ɗaya bayan ɗaya, ba na sauri.

Nasiha gare ku samari: wanda ke ƙin ku ba sai ya zare wuƙa ba, dariya ta ishe shi. Ku kuma iyaye, ku riƙa sauraron abin da ake kira wasa a gidajenku, wani wasan ƙiyayya ce ta sa hula. Duk wanda aka miƙa wa abin da ba shi ya ɗura ba, ya karɓi sanda ya auna, ko duk garin zai yi masa ihu. Dariyar da na guje wa da magariba za ta ƙare. Hannun kuwa da shi za a binne ni.