Baturen da ya nome gero ya bar ciyawa

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ɗalibi a kwalejin horon malamai a Sakkwato, aka ce wasu ɗalibai takwas za su zo daga ƙasar waje su yi aikin sa-kai a ƙauyenmu da ke ƙasar Kebbe. Aji ɗaya za su gina. En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta ce in akwai aji za ta turo malami, in babu, yaranmu su ci gaba da zama. Sati shida kacal baƙin suke da shi. Da yake ni ɗan gari ne, aka naɗa ni tafinta.

Na tarye su a Tambuwal da wandona mai kari da agogon aro, ina jin kaina kamar ni na kawo 'yancin. A bayan motar siminti shugabansu, wani dogo mai tabarau wanda daga baya ya zama abokina, ya tambaye ni ko mutane za su fito aiki. Na bugi ƙirji na ce ya bar mini wannan.

Abin da ban lissafa ba shi ne, hutunsu ya faɗo tsakiyar daminarmu, kowa yana maimai, wato noma na biyu. Ni kuwa sai na rubuta sanarwa da kyakkyawan rubutuna, Hausa a sama, Turanci a ƙasa, na manna a jikin kukar bakin kasuwa: ana neman masu aiki ƙarfe bakwai na safe. A garin da masu karanta boko ba su kai biyar ba! Kwana huɗu muna buga bulo mu kaɗai, ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

Rana ta biyar abokina ya dube ni ya ce, "Gaya mini gaskiya, mutanenku ba sa son makarantar ne?" Maganar nan ta yi mini zafi ƙwarai.

Na koma gida na kai ƙarar mutanen gari wurin mahaifiyata. Tana dama fura, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai da munka haifa nan, ina ka taɓa ganin an kira gayya da takarda? Mutum shi bar hatsinai cikin haki shi tai ɗaukar yashi? Ku tai ku kama musu noma tukuna, in kuna son a kama muku."

Washegari na ari fartanyu, na kai baƙin gonar ƙanen kakana, tsohon da 'ya'yansa suka tafi birni, ciyawa ta kusa cinye masa gero. Abokina ya kama kunya guda ya duƙa, yana zufa yana sara, bai miƙe ba sai da ya kai ƙarshe. Ya juyo yana murmushi. Ashe geron ya share tas, ya bar ciyawa tsaye a layi.

Tsohon ya daɗe yana kallon kunyar, sannan ya ce, "Wanga Bature ya iya aiki. Abokin gaba dai na bai sani ba." Ya kama hannunsa, ya tsugunar da shi, ya nuna masa ganyen gero da na ciyawa. Maƙwabtan gona suka taru suna dariya har da riƙe ciki. Ni ma ban tsira ba, don kafin azahar hannuna ya yi kanta, suka ce alli ya lalata ni.

Sati guda muka yi muna bin gonaki. Ranar Juma'a bayan an sallame, tsohon ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, baƙin ga sun zo gonakinmu ba mu kira su ba. Jibi gayya ta, wurin makaranta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ranar Lahadi sai ga mai ganga a gaba, maza da jakunan yashi a baya, mata da ƙoren fura, mahaifiyata a cikinsu tana yi mini kallon da na gane. Saura kwana biyu baƙin su tafi aka buga kwanon rufi na ƙarshe.

Da za su hau mota, tsohon ya zo da tumu, sabon gero gasasshe, ya miƙa wa abokina ya ce in fassara masa: "Cikin wanda ka rage mani na." Abokina ya karɓa da hannu biyu.

A ajin nan na fara koyarwa, kuma har na yi ritaya ban sake neman jama'a da takarda ba, da ƙafata nake zuwa. In na tuna, dariya nake yi, raina fes. Sai dai na daina ba da labarin a matsayin wautar Bature. Shi bai taɓa ganin gero ba sai ranar. Ni da aka yaye da kununsa, ni ne na tsaya a gindin kuka da agogon aro ina jiran mutanena su karanta ni.